Ɗanjuma Mai Haƙora da Injin Balan

Duk wanda ya san Ɗanjuma ya san tun kafin ka gan shi ka ji shi. Kacau-kacau, kacau-kacau, tun daga bakin zaure, sai yara su ruga cikin gida suna cewa ga Mai Haƙora nan. Aljihunsa ne ke wannan ƙara. Cike yake dam da 'yan faya-fayan ƙarfe masu haƙora a gefe, irin waɗanda ake samu a cikin injin huda katako da na yankan ƙarfe idan an farke cikinsu. Makanikai giya suke ce musu, shi kuwa bai taɓa kiransu da komai ba sai masu haƙora, har sunan ya dawo kansa. Mai Haƙora fa, mutumin da sai an jiƙa masa ƙuli-ƙuli kafin ya ci! Matarsa Uwani ta ɗinke aljihun nan har ta gaji, daga ƙarshe ta yanko buhun taki ta yi masa shafi daga ciki.

Ni Tasalla taubashiyarsa ce. Mahaifiyata da mahaifinsa, Kawu Audu, ciki ɗaya suka fito, kuma a gidan Kawu na tashi a Balan kafin aure ya kai ni Toranke. Saboda haka in kun ji na ci masa fuska kada kowa ya ɗaga min gira, haƙƙina ne. Shi ya ce ni baiwarsa ce, ni na ce shi ne bawa, har ya koma ga Allah ba mu raba wannan gardama ba.

Da ya ajiye aikin gyaran famfon burtsatse, sai muka ce to Alhamdulillahi, tsoho zai zauna ya ja carbi. Ina! Sai ya tsiri zagayen shagunan kafintoci da masu walda na garin Gaya, yana sauraron inda inji ya ƙone. Da ya ji labari sai ya koma gida ya sa babbar riga, ya ɗora hula, ya tafi gaisuwa. Isiyaku mai walda yana nan da ransa, ku tambaye shi. Ranar da injinsa na yankan ƙarfe ya ƙone, yana zaune ya yi tagumi ga ƙofofin mutane jibge, sai ga Ɗanjuma ya durƙusa a gabansa.

"Isiyaku, ashe abin da ya faru ke nan? Yaya haƙuri?"

"Baba Ɗanjuma, don Allah ka ƙyale ni, aiki ya tsaya min."

"Ya yi jinya ne, ko farat ɗaya?"

"Hayaƙi kawai ya yi, ya yi shiru."

"Allahu Akbar. Haka masu ƙoƙari suke tafiya. To, ina gawar?"

Isiyaku ya ce bai san lokacin da dariya ta ƙwace masa ba, ya miƙa masa injin ya ce ya je Allah ya raka taki gona. Tun daga ranar, duk mai shagon da injinsa ya mutu sai ya ajiye masa, don sun san ko sun ɓoye sai ya zo gaisuwa.

Kun kuma tuna ranar masallacin unguwarsu. Ana sallar La'asar, ya tafi ruku'u, sai buhun takin ma ya ce ya gaji. Masu haƙora suka zube, suka yi ta gangarawa cikin sahu, wani har gaban liman. Ana sallamewa ya miƙe ya tare ƙofa.

"Jama'a, kowa ya ɗaga ƙafarsa, a duba ƙarƙashin tabarma. Ba wanda nake zargi, amma ba wanda zai fita."

Liman ya ce, "Malam Ɗanjuma, a bari a shafa addu'a mana."

"A yi, Allah gafarta Malam. A sa da ɗan na tagullan a ciki, shi ne ban gani ba."

Mutane da yawa sun ɗauka taɓin hankali ne na tsufa. Ni na san abin da yake nema, don ni ya fara gaya wa. Kawu Audu yana da injin niƙa a Balan tun muna yara, irin babban nan baƙi mai shan gas, a cikin wani ɗakin ƙasa mai rufin kwano. Salansarsa, wato bututun fitar hayaƙinsa, ta huda bango ta fito waje. Ɗanjuma kullum yana ciki yana zuba hatsi, fari fat da gari har gashin ido, mu kuwa 'yan mata muna waje bakin salansa da ƙoren dawa da gero muna jiran layi. Ƙarar injin nan ita ce ke tashin garin, ita ce ke gaya wa mata hantsi ya yi. Da Kawu ya rasu Ɗanjuma yana can wani ƙauye mai nisa wajen aiki, kafin ya dawo an raba gado, an sayar wa 'yan gwangwan injin, sun farfasa shi da guduma sun loda a mota. Ya zo ya tarar da dandamalin siminti da kusoshi a tsaye. Ya zauna a kan dandamalin nan har aka kira Magariba.

Shekaru suka ja, muka tsufa, na ɗauka ya manta. Sai ranar nan ga shi a Toranke a kan tsohon babur ɗinsa, ya zauna a tabarmata, ya ƙi shan furar da na dama masa, abin da bai taɓa yi ba.

"Baiwa," in ji shi, "kunnen nan nawa tafiya yake yi. Likita ya ce ba ya dawowa. Na dama ya riga ya yi sallama, na hagu yana ɗaure kaya."

"To sai me? Da ma can ba jin magana kake ba."

"Ina so in ji injin Baba sau ɗaya kafin a rufe min ƙofa. Zan ƙera shi, ɗan ƙarami, wanda zai zauna a kan faranti. Amma kaina ya fara ruɗa min ƙarar. Duk waɗanda suka san ta sun mutu, ke kaɗai kika rage. In na ƙera zan kawo, ke za ki ce shi ne ko ba shi ba ne."

Na yi masa dariya har da riƙe ciki, na ce tsofai-tsofai da kai za ka koma wasan motar kara. Amma da ya tafi sai na kasa cin abinci. Na zauna ina neman ƙarar nan a cikin kaina, na ji ta can nesa, sai kewar Kawu da Balan ta taso min kamar jiya na baro gidan.

Na farkon da ya kawo, Allah ya kiyaye mu da irinsa. Da tururi zai yi aiki, in ji shi: a zuba ruwa a gwangwanin madara, a toshe, a hura garwashi a ƙasa, tururin ya bi ɗan bututu ya tura inji. Ya girka shi a tsakar gidana, ya sa aka debo masa wuta a murhu, ya duƙa yana hurawa, jikokina sun kewaye shi. Muna jira, muna jira, sai ji muka yi fam! Murfin gwangwani ya tashi sama ya faɗa cikin tukunyar miyata, kaji suka haye katanga, akuya ta tsinke igiya. Ɗanjuma ya ɗago, rabin gemunsa ya nannaɗe.

"Wannan shi ne injin Kawun?" na ce.

"Na Baba ma ya taɓa yin haka."

"Ƙarya kake, Ɗanjuma!"

"To da ya daɗe da ya yi."

Bayan wannan ne rishon Uwani ya ɓace. Tsohon risho ne na tagulla, tun na kayan ɗakinta, ba ta girki da shi amma tana goge shi duk sallah. Ta nema sama da ƙasa, sai ta gan shi a ɗakin Ɗanjuma an cire masa kai an soka masa bututu.

"Malam, me rishona yake yi a nan?"

"Ƙarin girma ya samu, Uwani. Ki taya shi murna."

Uwani baiwar Allah ce mai sanyi. Da ni ce da sai unguwa ta taru.

A tsakanin nan ne ɗansu Nura, wanda ke aiki a Kano, ya ji kunyar yadda ubansa ke yawon tonon matattun injuna a gari. Yaron kirki, sai ya shiga kasuwa ya sayo sabon injin huda katako dal a kwalinsa, ya kawo ya ajiye a gabansa.

"Baba, ga shi. Ka farke ka ɗebi abin da kake so, ka huta da yawon nan."

Ɗanjuma ya jona shi a wuta, ya danna, inji ya yi kuka lafiya lau. Ya kashe, ya dubi Nura kamar ya kawo masa mushe.

"Kai, wannan ai da ransa."

"To ai shi ya sa, Baba, sababbi ne a ciki."

"Ni ba na yanka mai rai. Abin da bai yi wa kowa aiki ba, bai ci guminsa ba, in farke masa ciki? Allah ya sawwaƙe."

Nura ya ce shi dai ba zai mayar ba. Sai Ɗanjuma ya tambaya wane ne kafintan da ya fi kowa mugun hannu a ƙasar Gaya. Kowa ya ce Garba na Kademi, wanda ake kira Kashe-Kaya, don ko guduma ka ba shi aro sai ta dawo da ciwo. Washegari ya ɗaure injin a bayan babur ya kai masa kyauta, da sharaɗi guda: ranar da ya mutu a dawo masa da shi. Daga nan duk ranar da ya bi ta Kademi sai ya tsaya.

"Garba, yaya jikin mutumin?"

"Lafiya ƙalau, Baba, kamar doki."

"To, Allah ya kyauta," sai ya ja babur ransa a ɓace.

Da tankin rishon Uwani da masu haƙoran Isiyaku da wani bututun famfon keke, a ƙarshe dai inji ya tashi. Na rantse muku abin sha'awa ne, ɗan mitsitsi, da babban faifansa da ɗan bel ɗinsa na robar tayar keke, har da 'yar salansa da ya soka cikin gora don ƙarar ta yi kauri. Ya kawo Toranke ya hura wuta, sai ga shi yana juyi, duf-duf-duf-duf, sumul ba gargada. Jikoki suna tsalle. Ɗanjuma ya kara kunnen hagu dab da shi, ya ɗago yana washe dasashi.

"Baiwa, faɗi gaskiya ki ji kunya."

Na saurara, na sake saurarawa. Wallahi na so in ce shi ne, don na ga yadda idonsa ke ƙyalli. Amma amana ya ba ni, kuma ni ban iya rufa-rufa ba.

"Ba shi ba ne."

"Me ya rage?"

"Ban sani ba. Amma ba shi ba ne."

Ya naɗe kayansa ko sallama babu. Bayan kwana biyu ya aiko Uwani ta gaya min wai ya 'yanta ni, ba ya buƙatar baiwa kurma. Na ce ta koma ta ce masa bawa ba ya 'yanta uwargijiyarsa. Haka muka yi ta yi. Ya canja gora, ya kawo, na ce ba shi ba ne. Ya ƙara wa faifai nauyi, ya kawo, na ce ba shi ba ne. Kuma duk zuwan da zai yi sai na ƙara ɗaga murya kafin ya ji ni, har ya kai sai na matso bakina kusa da kunnensa. Abin ya fara ba ni tsoro, don ina ganin ƙofar nan da ya faɗa tana rufuwa a gabana, ni kuwa na kasa gano abin da ya ɓace.

Jikokina mata ne suka warware min, ba da saninsu ba. Wata rana da yamma suna wasan tafa-tafa a tsakar gida, ina tsince shinkafa, sai na ji hannuwana suna ƙaiƙayi. Nan take abin ya faɗo min. Injin Kawu ba ya tafiya sumul. Yakan buga sau uku, sai ya ɗauke numfashi kamar zai mutu, sannan ya ci gaba. Mu 'yan matan bakin salansa a cikin wannan gurbin muke tafawa, gaba ɗaya, tas! Wadda duk ta tafa ba a gurbin ba, sai ta ɗauki ƙwaryarta ta koma ƙarshen layi. Haka muke raba rigimar layi ba tare da an yi dambe ba, kuma ni Tasalla ban taɓa komawa baya ba, a tambayi duk wanda ya san Balan.

Ban jira ya zo ba, na sa aka kai ni Gaya. Na same shi a ɗakinsa cikin tarkace, na kama kunnen hagun na kwarara masa bayani. Ya yi sororo.

"Numfashi? Injin Baba? Ban taɓa ji ba."

"Ina za ka ji, kana ciki dutsen niƙa na ruri a kanka? Sai wanda ke waje bakin salansa."

Can ya ce, "Baba yakan ce akwai haƙori ɗaya da ya cinye a cikinsa. Kullum zai canja, kullum sai ya ce bari a gama na yau." Ya dubi tulin masu haƙoran da ya tara, waɗanda ya bi ɗaya-ɗaya ya zaɓi lafiyayyu ya zubar da masu giɓi, ya ce, "Ashe masu kama da ni ya kamata in tara."

Na ce to ai abin ya zo da sauƙi, ga magagari nan, ya goge haƙori ɗaya a wuce wurin. Sai mutumin nan ya dube ni kamar na ce ya ci naman kare.

"In karya lafiyayye da hannuna? Na Baba ba karya shi aka yi ba, aiki ne ya cinye shi. Hatsin mutane ne ya cinye shi."

"Kai, Ɗanjuma, wa zai sani?"

"Ni."

"Kunnenka fa tafiya yake!"

"To ya tafi. Ba zan yi wa Baba ƙarya ba."

Ranar na zage shi zagin da ban taɓa yi masa ba, rabi bai ji ba, rabin da ya ji ya ce Allah ya yi min albarka. Na koma gida ina huci, na rantse na fita harkarsa. Sai ga ni, Hajiya guda da jikoki, ina tare 'yan gwangwan a ƙofar gida. Da na ji ɗan gwangwan mai tura kura yana kiran a kawo tsohon ƙarfe sai in yafa mayafi in fito, in sa ya sauke kayansa a zaure, in duƙa ina tono. Matan Toranke suka ce ciwon gidan Kawu Audu ne, ya kama na biyu. Na tara masa masu giɓi cike da kwanon sha na aika. Ya dawo min da su duka.

"Wannan dukansa aka yi. Wannan tsatsa ce. Wannan faɗuwa ya yi. Baiwa, ke ko giɓin kirki ba ki sani ba."

Kafin damina ta kama, kunnen hagun ya bi ɗan'uwansa. Uwani ta ce da safe ta yi masa magana bai juyo ba, ta buga kwano a bayansa bai motsa ba. Da na je, ya dube ni ya nuna kunnensa, ya juya tafin hannu, ya yi 'yar dariya. Na ce bari in shiga bayan gida, na je can na yi kukana na wanke fuska na dawo. Ya daina zagayen shaguna, aljihu ya yi shiru, injin yana ajiye an rufe shi da tsumma. Gaskiya a raina na yanke cewa magana ta ƙare.

Ana cikin haka sai ga Garba Kashe-Kaya daga Kademi, a kan keke, da abu ƙunshe a buhu. Uwani ta ce ya durƙusa a zaure, ya haɗa fuska yadda ya ga Ɗanjuma na yi, ya kwance buhun a hankali. Injin Nura ne. Ya yi rufin ɗakuna, ya yi ƙofofi da gadaje da bencin makaranta, har ya ƙone a hannunsa ana tsakiyar aiki. Ɗanjuma ya ɗauko sukundireba ya farke shi nan take. Ya zaro wani mai haƙora ɗan ƙarami, ya ɗaga shi a rana, ya bi shi da babban yatsa. Haƙori ɗaya ya suɗe, ya kwanta sumul, aiki ya cinye shi. Ya kama hannun Garba ya riƙe, ya ce, "Allah ya ƙara wa hannun nan naka mugunta."

A ranar ya saka mai giɓin nan a cikin ɗan injinsa. Ranar Juma'a bayan an sauko suka zo Toranke, shi da Uwani da Nura, a motar haya, don an hana shi hawa babur. Kurma ba ya sanin ƙarfin muryarsa, tun daga zaure yake ba da umarni kamar mai kiran kasuwa. Ya ce ba a tsakar gida za a girka ba. A kai shi cikin ɗakin girki, a zuro 'yar salansar ta kafar bango, Nura ya zauna ciki ya hura wuta. Shi kuwa ya sa aka shimfiɗa tabarma a waje, ya zaunar da ni bakin kafar, ya zauna a gabana muna fuskantar juna. Ko kallon bangon bai yi ba, ni ya zuba wa ido.

Na yi masa alama da hannu cewa shi da ba ya ji, me ya zo yi?

"Ke dai yi aikinki, baiwa," in ji shi.

Muka ji ruwa ya fara tsuwa a tankin risho. Nura ya juya faifai. Duf. Duf-duf. Sai ya kama: duf-duf-duf, shiru, duf-duf-duf, shiru.

Wallahi ban yi niyya ba. Ban ma san na ajiye carbina ba. Gurbin nan yana zuwa sai ji na yi tas, hannuwana sun tafa da kansu. Ya sake zuwa, tas. Sai ga warin gas da ɗumin sabon gari a hancina, ga Kawu yana leƙowa ta ƙofa yana cewa 'yan banza ku rage surutu, ga ƙawayena da duk suka riga ni tafiya tsaye da ƙorensu. Ina tafawa hawaye na zuba, jikoki sun yi cirko-cirko suna kallon Hajiya.

Ɗanjuma yana bin hannuwana da ido, yana gyaɗa kai, leɓensa na ƙirgawa. Can sai ya ɗaga nasa hannuwan. Na farko ya riga ni, na nuna masa ƙarshen layi da yatsa, ya yi dariya har da tari. Na biyu muka tafa tare. Muka yi ta yi, tsoho da tsohuwa, har ruwan tanki ya ƙare injin ya tsaya don kansa.

Ya sauke hannu, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, a hankali wannan karon, "Na ji, Tasalla. Ashe haka yake daga waje."

Rabon da ya kira ni da sunana tun ina budurwa. Sai ya leƙo fuskata.

"Kuka kike yi?"

Na nuna masa hayaƙin garwashi.

"Ƙarya kike. Baiwa dai baiwa ce."

Da za su tafi Nura ya ɗauko injin zai sa a mota, Ɗanjuma ya ce a'a, a bar shi nan, gidan mai kunne. Bayan an gama girbin gero zazzaɓi ya kwantar da shi, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Isiyaku da Garba da duk masu shagunan Gaya sun zo gaisuwa, kowa da babbar riga. Isiyaku ya durƙusa gaban Uwani zai ce yaya haƙuri, sai kuka ya ƙwace masa.

Injin yana ɗakina, a saman kabad, tsakanin kwanukana. Kwanakin baya Nura ya zo gaishe ni, ya ce ko ya tayar min da shi. Na ce to. Ya shiga ɗakin girki ya hura wuta, na zauna bakin kafa a kan tabarmar nan. Ya buga uku, ya ɗauke numfashi, na tafa. Na ɗago in ga ko Ɗanjuma ya gani, sai tabarma ba kowa. Na ce wa Nura ya kashe haka nan, ya isa. Ina kewar Ɗanjuma, jama'a, ba zan ɓoye muku ba. Yanzu duk duniya ba wanda zan ce wa ka tuna Balan ya ce na tuna, kuma ba wanda zai shigo zaurena yana kacau-kacau ya ce ina baiwar gidan nan.

Kai kuma bawa, ka tafi ba ka nemi izinina ba, amma na yafe maka. Allah ya jiƙan Ɗanjuma, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya buɗe masa kunnuwan nan biyu ya ji sallamar mala'ikun rahama, ya haɗa shi da Kawu Audu a gidan Aljanna. Allah ya ba Uwani da Nura haƙuri. Mu kuma da muka rage a layi, idan namu ya zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.